Wasiƙa zuwa ga Sani, daga birnin Meziko

Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ake ta yi kusan kullum da yamma.

Na ga saƙonka, wai aikin lauya ya ishe ka kana so ka koma karatun tarihi amma kana ganin ka makara. Kai dai tsaya ka ji labarin wani malami da ake ji da shi a nan, Alfredo López Austin. A Ciudad Juárez aka haife shi a 1936, can bakin iyakar Amurka, shi ma lauya ne da farko har ya taɓa aikin, daga baya ya ajiye ya koma UNAM, babbar jami'ar ƙasar Meziko. A wurin wani fada mai suna Ángel María Garibay ya koyi Nahuatl, yaren Aztek, kuma nan ne fa nake so ka lura, bai tsaya ga fassarar Turawan Sifaniya ba, da kansa ya karanta abin da dattawan ƙasar suka faɗa wa Sahagún, wani fada ɗan Sifaniya, a ƙarni na 16.

Digirin dakta sai 1980 ya samu, ya haura shekara 40. Aikin nan ne ya zama littafinsa Cuerpo humano e ideología, inda ya nuna a wurin Aztek ran mutum kashi uku ne, tonalli a ka, teyolia a zuciya, ihiyotl a hanta. Wai idan yaro ya firgita tonalli ɗinsa na iya ficewa ya kwanta ciwo sai an kirawo masa ita, wallahi ina karantawa na tuna zancen kurwa da su Goggo ke mana.

Babbar maganarsa ita ce tunanin mutanen yankin yana da wani tushe mai tauri da ya ginu kan noman masara, wanda ko faɗuwar Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a 1521 da zuwan Kiristanci ba su tumɓuke shi ba. Ni dai ina ganin wani lokacin yana cika zuba al'ummar Maya da Aztek a kwano ɗaya, amma hujja kam yana da ita. Ɗansa Leonardo López Luján ne ke jagorantar tonon Templo Mayor, babban wurin bautar Aztek, har sun fitar da littafi tare a 2009. Shi Alfredon ya rasu a Oktoban 2021.

In tarihin bori kake so har yanzu, ka koma wurin Malam ka gyara Larabcinka da ajami tun kafin ka sayi fom. Ka gaida amarya da yara, dan Allah ka turo min lambar Bashir, tawa ta ɓata.

Naka,
Aminu