Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano kan masu jegon da ruwa ke taruwa a huhunsu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Maganar matanmu masu jego ce ta sa na ɗauko waya nake rubuto maka. Mace za ta haihu lafiya ƙalau, a yi suna a watse, bayan sati uku ko wata biyu sai ƙafa ta fara kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo a baya, tsakar dare ta farka tana haki kamar an shaƙe ta, wata ma tarin har da kumfa mai ɗan ja. A gida sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta. Alhali zuciyarta ce ta gaza tura jini, shi ne ruwa ke komawa ya cika huhu.

Ciwon nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda yake kama mata da yawa bayan haihuwa, lokacin an fi zargin kunun kanwa da wankan jego. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye, likitan zuciya a Kano, da abokan aikinsa suka yi ya nuna akwai hannun rama, da hawan jini lokacin ciki, da ƙarancin sinadarin selenium a jiki. Wato dai talauci na ciki dumu-dumu, kuma wallahi wannan ne ya fi ci min rai.

Ba masu jego kaɗai ba, mai hawan jini da ya daina shan magani don kansa ya daina ciwo, mai ciwon ƙoda da ba shi da kuɗin wankin ƙoda, duk suna cikin haɗarin, ga gishiri da magi da muke zubawa ba lissafi. Sai kuma ƙarin ruwa barkatai a kemis, mutum zuciyarsa ta riga ta gaji a ɗaura masa leda biyu wai don ya samu ƙarfi.

Don Allah ranka ya daɗe, duk uwar da ta kawo jariri rigakafi a asibitin sha-ka-tafi, ita ma a gwada ko jininta ya hau, a danna ƙafarta a ga ko ta kumbura, a tambaye ta ko tana iya kwanciya da dare. A ba asibitocin ƙauye iskar oksijin da kuma abin awon hawan jini mai aiki, a kuma sa ungozoma su riƙa faɗa wa iyaye da surukai cewa mai jego in ta fara haki, asibiti za a kai ta a ranar.

Wassalam,
Wata 'yar Kano