A Daina Auna Hankalin Yarinya da Littafin da ke Hannunta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in mayar da martani kan ra'ayin da kuka buga kwanan baya, inda wani bawan Allah ya ce littattafan soyayya na Hausa ne suka kashe karatu a tsakanin 'yan mata, kuma duk yarinyar da ka gani riƙe da irinsu, ka tabbata kanta babu komai. Maganarsa ta farko abin a zauna a yi muhawara ce cikin mutunci. Ta biyun ce ta sosa mini rai, domin ni malamar Hausa ce a sakandaren 'yan mata, kuma yaran da ya yi wa kuɗin goro, fuskokinsu nake kallo kowace safiya.

Ni ma ɗaya ce daga cikinsu. Na gama firamare ina haɗa baƙi da ƙyar, sai na ɗora yatsa a kan layi kafin in kai ƙarshensa. Muna da wata maƙwabciya, matar kulle, wadda take aikena shagon da ake ba da hayar littattafai. Idan na kawo, sai ta ce in zauna in karanta mata tana kitso ko tana tsintar shinkafa. In na yi tuntuɓe a kalma ta gyara mini, in na tsaya ta ce, "Ci gaba mana, 'yar nan, me ya ce mata?" Hutun ƙarshen shekara guda ɗaya na yi a tsakar gidan nan, na koma makaranta ina karatu kamar ruwa. Abin da aji ya kasa ba ni a shekara shida, son jin ƙarshen labari ya ba ni a 'yan makonni.

Da na shiga makarantar kwana, wata malama ta tsinci ɗaya a ƙarƙashin matashina. Aka fito da ni gaban taron safe, aka cinna wa littafin wuta, ta ce mai karanta wannan shirme ba za ta taɓa zama komai ba. Littafin ma na aro ne, sai da na haƙura da kuɗin kashewata na biya mai shi. Har yau abin da ya fi ci mini rai shi ne ko shafin farko ba ta buɗe ba. Ban daina karantawa ba. Ɓoyewa kawai na koya, na kuma daina gaya wa manya abin da ke raina.

Malam Edita, masu wannan suka sukan ce a koma wa littattafan magabata, su Ruwan Bagaja. Ina koyar da su, ina kuma ƙaunarsu. Amma a tuna yadda suka samu. A shekarar 1933 ne Rupert East, Baturen Hukumar Fassara, ya zagaya biranen Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa, kuma ya sha wuya kafin ya shawo kansu, saboda a ganin malaman wancan zamani ƙaga labari aikin mata ne da yara, tatsuniya ce, bai kamaci mai ilimi ba. Littattafai biyar da aka buga daga wannan yunƙuri, su ne yau muke sa wa a manhaja. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam cike yake da ban dariya da ƙulle-ƙullen da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna. Jiki Magayi kuwa labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace masa budurwa, ya tafi neman hanyar ramuwa. Ashe tun ran gini soyayya tana cikin ƙagaggen labarin Hausa, kuma abin da ake kira adabi mai daraja a yau, an taɓa yi masa kallon da ake yi wa littafin 'yata.

A kuma tambaya, me ya haifi littattafan nan na zamani? A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya. Yara masu ɗimbin yawa a Arewa suka iya karatun boko da Hausa. Suna girma sai tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, suka fi karkata ga littattafan makaranta. Ga masu karatu, babu abin karantawa sai abin da aka rubuta tun zamanin kakanni. Sai matasa suka ɗauki biro da kansu, suka tara 'yan kuɗinsu suka kai maɗaba'a, suka baza a kasuwa. Kafin nan Hafsat Abdulwaheed ta riga ta buɗe wa mata ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980. Su Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bilkisu Funtuwa suka biyo baya, aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano. Ba gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu ba. Masu saye da masu haya ne suka riƙe su, kuma yawancinsu mata ne da 'yan mata. Duk wanda yake kukan cewa Bahaushe ba ya karatu, ya kamata ya san cewa a waɗancan shekaru waɗannan matan ne suka hana karatun Hausa mutuwa.

Muhawarar ma tsohuwa ce. Masanin adabin Hausa Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan littattafan kasuwar Onica, kuma a shekarun 1990 an yi ta musayar alƙalami a jaridar New Nigerian, inda irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan. Ko ba ka yarda da Malumfashi ba, dole ka girmama wannan muhawara, domin ɓangarorin biyu sun karanta abin da suke magana a kai. Da aka zo 2007 kuwa, wuta aka sa: a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu aka tara littattafai aka ƙone a wata makarantar 'yan mata a Kano, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Ban yi shakkar cewa gyaran tarbiyya aka nufa ba. To amma ga mu yau. Labaran sun bar takarda sun koma cikin waya, a Wattpad da zaurukan WhatsApp da YouTube, inda babu uwar da za ta ɗaga matashi ta gani.

Bari in faɗi abin da ke cikin littattafan, tunda ni na karanta. Sunan soyayya kawai suka ci. Wanda ya buɗe zai tarar da auren dole, da zaman kishi, da sakin wulaƙanci, da cin dukiyar marayu, da yarinyar da aka cire daga aji aka kai ɗakin sa'an ubanta. Balaraba Ramat, wadda ita kanta an aurar da ita tana ƙaramar yarinya, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a kan magidancin da ya wofintar da matarsa da 'ya'yansa saboda wata mace, da yadda matar ta tashi ta riƙe gidanta da sana'a. A 2012 aka buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi, a ƙasar Indiya. Fassarar ba ta ƙara masa komai ba a wurina. Matan unguwarmu sun san darajarsa shekara ashirin kafin nan, domin kowace ta san wata mai irin wannan labari, in ma ba ita ba ce.

Yarinya 'yar shekara goma sha biyar tana da tambayoyin da kunya ta hana ta yi wa mahaifiyarta. Wa za a ba ni? In ba na sonsa, ina da bakin magana? In na yi aure, karatuna fa? Me ya sa Yaya ta dawo gida da ciki da goyo? A gidajenmu da yawa ba a zama da 'ya mace a yi wannan hira. Littafin nan shi ne wurin da take ganin wata mai shekarunta ta shiga irin wannan hali, ta ga yadda ta kaya. Tana gwada rayuwa ne daga nesa, kafin rayuwar ta iso ta.

Kuma kada a ɗauka duk abin da aka rubuta haɗiyewa suke yi. Wata rana na ce wa 'yan ajina kowace ta kawo labarin da ta karanta a hutu, ta faɗa mana wa aka zalunta a ciki. Da farko shiru suka yi, suna zaton tarko ne. Da suka ga da gaske nake, ajin ya kaure. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba sai wajen amsa suna, ta miƙe ta ce marubuciyar ba ta yi wa uwargida adalci ba, ta mai da ita muguwa don kawai a tausaya wa amarya, alhali ita aka shigo wa gida. Wata ta ce, "Malama, mai littafin nan ba ta san talauci ba, ko sau ɗaya ba a ce gari ya ƙare ba." Wannan ai shi ne nazarin adabi, shi nake fama in koya musu da alli da allo. Suna da shi, ba a dai taɓa tambayarsu ba ne.

Ba zan rufe ido in ce babu aibu ba. Akwai, kuma yana damuna fiye da yadda yake damun mai sukar, domin ni nake maka jan biro a takardunsu. Ƙa'idojin rubutu sun tagayyara: a haɗe inda ya kamata a raba, a raba inda ya kamata a haɗe, a zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, a cusa Turanci ba gaira ba dalili. Jarumin kullum ɗan mai kuɗi ne da jerin motoci. Jarumar kullum fara ce sol mai gashi har gadon baya, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don na ga baƙar yarinya kyakkyawa ta fara shafe-shafe tun tana aji huɗu. Sannan tun da aka koma waya, akwai masu rubuta batsa tsagwaronta suna sayarwa a rufaffun zauruka, babu edita, babu mai dubawa. Wannan ba na kare shi, kuma marubuta na kirki su ne suka fi kowa kuka da shi. Amma duk wannan laifin wasu littattafai ne da wasu marubuta, kuma maganinsa a kira littafi da sunansa, a ce shafi kaza ya ɓaci saboda kaza. Ina ruwan hankalin yarinyar da ta ara ta karanta?

Akwai kuma abin da na daɗe ina lura da shi. Yaro namiji zai kwana a gidan kallon ƙwallo, ya haddace sunayen 'yan wasan Ingila da Sifen, ko ya duƙufa a kan littattafan yaƙi da aljanu da takubba, a ce ai yaro ne, ƙuruciya ce. Ba wanda zai rubuto wa jarida cewa kansa babu komai. Amma abin da 'yan mata suke so, nan da nan sai ya zama shirme, ya zama alamar lalacewa. Anya littafin ake raina wa, ko mai riƙe da shi?

Wasu masu kare littattafan sukan ce a ƙyale yara, tsani ne, wata rana za su hau zuwa manyan littattafai. Gaskiya ne ga wasu, ni shaida ce. Amma maƙwabciyar nan tamu har ta koma ga Allah irinsu take karantawa, kuma ban taɓa ganin mace mai hankali da sanin ya kamata kamarta ba. Ita ake kira sulhu in an yi faɗa a unguwa. Mutum ya gama wahalar yini, ya ɗauki labari ya huta da shi, wannan ma amfani ne, ba sai ya kai shi jami'a ba.

A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata zalla, kuma kowace shekara ana jin labarai masu ratsa jiki. Matan da suke aika su ba daga sama suka faɗo ba. Sun tashi ne a gidajen da littattafan nan suke yawo daga ɗaki zuwa ɗaki, a nan suka ga cewa mace ma tana iya rubuta abin da ke cinta da harshen uwarta.

Don haka roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. Ku buɗe fili a jaridarku, ko rabin shafi ne a mako, da za a riƙa ɗaukar littafi guda daga cikin waɗanda matasa suke karantawa yanzu, na takarda ko na waya, a karanta shi daga farko har ƙarshe, a yabi abin yabo, a soki abin suka. Sannan ku bar 'yan makaranta su ma su riƙa aiko da nasu sharhin. In kun buɗe, ni zan fara aiko muku da na 'yan ajina, bayan na nemi izinin iyayensu. Shi kuma marubucin wancan ra'ayi, in yana da 'ya ko ƙanwa, ina roƙonsa ya ari wanda take karantawa a wannan mako, ya karanta, ya zaunar da ita ya tambaye ta wa aka zalunta a ciki.

Wassalam.

Taku,
Malamar Hausa, daga Kano