Rahoton Ayyukan Shekara: Laburare a Cikin Wayar Mai Karatu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayen ƙungiya, da 'yan'uwa ma'aikatan laburare na cikin birnin Katsina, Daura, Dutsin-Ma, Malumfashi da Funtua, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare.

A babban taronmu na bara mun tsayar da magana ɗaya: mu daina zaman jiran mai karatu ya tako ƙafa, mu bi shi cikin wayarsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya tashi, ɗalibin da ke Ƙofar Marusa ko Ƙofar Sauri sai ya yi lissafin kuɗin Keke Napep kafin ya fito neman littafin da bai tabbatar yana nan ba. Kusan duk aikin bana a kan wannan ya tafi. Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, mun kuma yi ziyarar dubiya da ta'aziyya ga 'yan'uwan da abin ya shafa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Mun fara da koyar da junanmu. Matasan cikinmu sun nuna yadda ake shigar da bayanan littafi a Koha, manhajar kundin laburare da ba a biyan kuɗin lasisinta, da yadda ake samo maƙalun kyauta a DOAJ, kundin mujallun bincike na kyauta a intanet, da AJOL, inda ake tara mujallun binciken Afirka. Wani dattijonmu da ya shafe rayuwar aikinsa a kan katin kundi ya zauna gaban kwamfuta yana ɗari-ɗari. Da aka zo gurbin lambar littafi, wani littafin fiƙihu na hannunsa, bai ko duba jadawali ba ya ce a sa 297, lambar littattafan Musulunci, ya kuma gyara wa yaran kurakuran da suka yi a wasu littattafan. Tun ranar muka haɗa su biyu-biyu, babba da yaro: wannan ya san littafi, wancan ya san na'ura. Ina ganin cikin duk tsarin da muka yi bana babu wanda ya kai wannan amfani.

A kafafen sada zumunta, WhatsApp ne ya biya kuɗin sabulu, kuma ba ta hanyar da muka zata ba. Mun ɗauka za a riƙa rubuto tambaya. Ashe saƙon murya mutanenmu suka fi so, da Hausa, musamman matan aure masu karatu daga gida. Wata ma'aikaciyarmu a Daura ta kunna mana ɗaya a taro, da izinin mai shi. Ana jin kukan jariri a baya, matar tana cewa, “Anti, don Allah aikin kammala karatuna a kan ilimin 'ya'ya mata ne, kuma maigida bai cika son fitata ba, ina zan samu abin da zan karanta?” Malamar ta tura mata maƙalu daga AJOL, sannan ta yi mata bayani da murya: ga kalmomin da za ki rubuta, ga inda za ki danna, ga yadda za ki rubuta sunan marubuci da shekara. Bayan makonni matar ta zo da kanta ta yi rajista. Wannan baiwar Allah da ire-irenta sun daɗe suna buƙatarmu, mu ne ba mu da hanyar jin su.

Facebook ya yi amfani wajen sanarwa. Hoton bangon sabon littafi da layi biyu na bayani ya fi doguwar sanarwa jan mutane. X bai kawo mana kowa ba sai abokan sana'a. Batun TikTok kuwa har yanzu kanmu a rabe yake: wasu na cewa can yaran sakandare suke, wasu na ganin bai dace da mutuncin laburare ba.

Wasu mambobi sun shiga gangamin 1Lib1Ref, inda ma'aikatan laburare ke ƙara madogara a Wikipedia. Sun mai da hankali kan shafukan Hausa da suka shafi gida, irin su Hasumiyar Gobarau, rijiyar Kusugu da tsohuwar Kwalejin Katsina, suna ɗauko hujja daga littattafan da ke kan kantocinmu.

Sai abubuwan da suka ci mana tuwo a ƙwarya. Na farko, da zarar an buɗe zauren WhatsApp sai a fara jefo cikakkun littattafai da aka kwafa, har da na marubutan Hausa da ke raye suna jiran cinikin littafinsu. Wasu ma mu suke roƙo mu ɗauki hoton littafi shafi-shafi mu tura musu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet, kuma ko babu doka, ba ma'aikacin laburare ne zai taya a kashe wa marubuci kasuwa ba. Mun sa ƙa'ida: abin da mai shi ya sake kyauta kawai za a tura, saura a zo a karanta ko a ara. An ji haushinmu, wasu sun fice, amma mun tsaya a kai.

Na biyu ya fi damuna. A zauren WhatsApp kowa na ganin lambar kowa, sai ga wasu mata sun kawo ƙarar ana bin su da saƙonnin da ba su nema ba. Lambar mai karatu da abin da yake karantawa amana ce a hannunmu tun kafin dokar kare bayanai ta 2023. Yanzu sanarwa ta koma tashar da masu bi ba sa ganin lambar juna, tambaya kuma kai tsaye ga ma'aikaci. Akwai kuma ɗaliban da ke zuwa da jerin madogarar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka ba su, a nema sama da ƙasa a tarar babu littafin a duniya. Mun fara koya musu su tabbatar da kowace madogara kafin su rubuta ta.

Ga masu cewa a kwashe akwatunan kati da rajistar aro tunda an shiga kwamfuta, kwamiti bai amince ba. Ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Ranar da babu sabis ko babu wuta, takarda ce ke riƙe da aikin.

Dole in faɗi gaskiya kan kuɗi. Kusan duk abin da na lissafa da wayoyin mambobi da datar aljihunsu aka yi shi, alhali a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wasu har ƙarfe sha ɗayan dare suna amsa saƙo, iyalinsu na ƙorafi. Ma'aji zai karanta nasa lissafin, amma kuɗin wata-wata ba zai ɗauki wannan nauyi ba.

Saboda haka kwamiti na kawo wa taro buƙatar a rubuta wa shugabannin makarantu da hukumomin da muke aiki a ƙarƙashinsu su samar wa kowane laburare layin waya na ofis da kuɗin data, a kuma tsayar da lokacin amsa tambaya daga safe zuwa la'asar. Za a kaɗa ƙuri'a kan TikTok bayan sallar azahar. Waɗanda ake bin su kuɗin wata, don Allah su ga ma'aji kafin a tashi.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, Katsina