Zuwa ga ƙanena da ya bar abokinsa a 2♥

Ƙanena, assalamu alaikum.

Ranar Asabar, bayan an tashi daga wasan birij an tattara karta, ka tsayar da ni a gaban jama'a ka ce sai na raba gardamar da ke tsakaninka da abokin wasanka. Na ce ka ba ni lokaci, domin ranku a ɓace yake ku biyun. Tun da a fili ka yi tambayar, ga amsarta a fili.

Ka buɗe da 1♦. Na hagunka ya yi kutse da 1♠. Abokinka ya ce 2♥, na damanka ya wuce, kai ma ka wuce. Abokin naka ya yi ci 11, aka rubuta muku maki 200, alhali sauran tebura sun kai 4♥ sun kwashi 450. Ka tambaye ni: ashe idan abokan hamayya suka tsoma baki a ciniki, tilas ɗin da ke kan mutum bai faɗi ba?

Bai faɗi ba. Abokinka ne ke da gaskiya, ko da yake ban ji daɗin yadda ya ɗaga maka murya ba.

Bari in ɗan tsaya saboda masu karanta wannan da ba su taɓa zama teburin birij ba. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kowa da karta 13. Kafin a fara bugawa ana ciniki, kowane tayi alƙawari ne na yawan cin da ku biyu za ku yi: ana ƙara shida a kan lambar, wato 2♥ ci takwas ne, 4♥ ci goma, kuma ♥ ne irin da ke yanka sauran. A tsarin makin da Harold Vanderbilt ya kawo a 1925, ba a ba ka ladan gem, wato babban ladan da tayi irin 4♥ ke kawowa, sai ka yi tayinsa da bakinka, ko da ka ci abin da ya fi haka. Wannan ne ya haifi tayin tilas: dole a sami hanyar da mutum zai ce wa abokinsa kada ya bar shi a hanya, bai gama magana ba. Ana auna ƙarfin hannu da ba wa A huɗu, K uku, Q biyu, J ɗaya. Jimillar ƙarfin duka karta 40 ke nan, kuma mutum biyu masu 25 ko 26 gem suke nema.

Ga abin da ke hannunka: ♠ 8 5 3, ♥ Q 4, ♦ A K 9 7 2, ♣ K 6 3. Ƙarfi 12. Ga na abokinka: ♠ 6 2, ♥ A K J 9 7 3, ♦ Q 5, ♣ A 8 4. Ƙarfi 14. Kuna da 26 da ♥ takwas a tsakaninku.

Kuskurenka shi ne ka dubi hannunka kaɗai. Ka ga 12, ka ce ba ka da ƙari, ka yi shiru. Tambayar da ta kamace ka ita ce: shin abokina ya sa wa hannunsa iyaka? Da ya ce 2♥, abin da ya faɗa maka shi ne yana da ♥ aƙalla biyar da ƙarfi daga kamar 10 zuwa sama. Zuwa sama har ina? Bai faɗa ba. Tayin yana da daɓe, ba shi da rufi. Zai iya zama 10, zai iya zama 19. Wanda bai san ƙarshen abin da ke hannun abokinsa ba, ba shi da hurumin rufe ciniki. Haka na koya tun ina ɗalibi a Ingila, inda aka fi bin tsarin Acol, haka kuma yake a tsarin da aka saba da shi a Amurka: sabon iri daga bakin mai amsawa wanda bai taɓa wucewa ba, tilas ne na zagaye ɗaya, da kutse ko babu.

Na san inda ruɗanin ya samo asali, domin akwai gaskiya a gefen abin da ka ji. Da na damanka ya ce 2♠ bayan 2♥ ɗin, to da kana iya yin shiru ba laifi. Dalili kuwa, cinikin zai sake zagayowa wurin abokinka ko ka yi magana ko ba ka yi ba. Abin da tayin tilas yake nema ke nan, a tabbatar wa mai shi wani zagayen. Amma na damanka ya wuce. Ka wuce, na hagunka ya wuce, mutum uku sun wuce a jere, aka rufe kasuwa abokinka na riƙe da kayansa. Kutsen da ke sauke maka nauyi shi ne wanda ya zo bayan tayin abokinka. Wanda ya riga shi ba ya sauke komai.

Ban ce hannunka mai sauƙi ba ne. Ba ka da abin tare ♠, don haka 2NT, tayin wasan da babu irin da ke yanka, ba ta dace ba. ♥ ɗinka biyu ne kacal. Ni da 3♦ zan ce, ina sane da cewa ɗaya ta rage mini a tsawonta. Abokinka ya maimaita ♥, ka ɗaga shi da Q ɗinka, ku sauka a 4♥. Ƙaramar tawaya a tayi ta fi sauƙin gyara a kan shirun da ba a dawowa daga gare shi.

Za ka ce to mai ♥ shida da ƙarfi 7 fa, ya zai yi? Shi ne amfanin dabul ɗin da Alvin Roth da Tobias Stone suka fito da shi a 1957, wanda aka yi wa laƙabi da Sputnik saboda tauraron ɗan'adam ɗin da Tarayyar Sobiyet ta harba a shekarar. Dabul kira ne da asalinsa na ninka makin tayin abokan hamayya ne, amma a nan saƙo ne ga aboki: mai irin wannan hannu ya fara da dabul a kan 1♠, yana nuna ♥ aƙalla huɗu. In ciniki ya dawo masa ya ce ♥, wannan karon kana da damar barin sa.

Akwai masu juya abin. A wurinsu 2♥ kai tsaye hannu ne matsakaici, kamar 7 zuwa 10, ana iya barin sa, mai ƙarfi kuma shi ke farawa da dabul. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma na ga gwanaye suna bin wannan. Ni ban so shi ba. Ranar da kake da 14, ka yi dabul, na hagunka ya yi tsalle zuwa 3♠, sai ka tsinci kanka a hawa na huɗu ba ka ko ambaci ♥ ɗinka ba tukuna. Na gwammace in rasa ƙananan hannuwa da in rasa gem. In ma kun zaɓi wannan hanyar, dokar wasa ta wajabta muku sanar da abokan hamayya ma'anar tayin, babu yarjejeniyar ɓoye. Kai da abokinka kuwa ba ku taɓa yin wannan magana ba, don haka ba za ka fake da ita ba.

Akwai wuraren da shirunka zai yi daidai. In abokinka ya riga ya wuce tun farko, ya sa wa kansa rufi, kana iya barin 2♥ ɗinsa. In da 1NT ka buɗe aka yi kutse, ya kira irinsa a hawa na biyu, takara kawai yake yi, ka ƙyale shi. In kuma ya ambaci irin abokan hamayya, kamar 2♠ a cinikinku, wannan kada ka ko yi tunanin bari. Inda ake sha bamban da gaske shi ne idan kai ne mai kutsen, abokinka ya kira sabon iri. Wasu na ɗaukar sa tilas, wasu na ɗaukar sa gayyata kawai. Wannan sai an zauna an tsayar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Asabar mai zuwa zan iso da minti talatin kafin a fara. Ku zo ku biyu da takarda da biro, mu bi waɗannan cinikin ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta abin da kuka amince. Kafin nan ka kira shi a waya ka ce masa ka ga inda ka kuskure. Maganar ɗaga murya kuwa ka bar mini, ni zan same shi da ita.

Naka,
Yayanka.