Zuwa ga ɗiyata, daga Sakkwato

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Muna lafiya, sai zafi, kin dai san garinku in bazara ta kama.

Ƙanwarki ta dawo daga wurinki da labarin da ya hana ni sukuni. Ta ce ba kya barci, duk sanda ta farka sai ta ga hasken waya a fuskarki, kuma a wuni da kyar kike furta kalma goma. Shirun nan nake tsoro. Haka Goggonki ta fara, muna cewa kawaici ne. Ba sai na tuna miki sauran ba.

Na aiko miki da gafakar Kaka, waƙoƙin Nana Asma'u ne a ciki, da ajami. Na san za ki taɓe baki. Tun kina sakandare kika ce karatun tsofaffi ne, ni kuma na ƙyale ki don kada a ce na tsare miki boko. Da na sani ban ƙyale ba. Wayar da kike runguma har asuba, me ta taɓa yaye miki?

Ni da waƙoƙin nan na yi takabar Babanku, wata huɗu da kwana goma. Bayan Isha matan unguwa su shigo, ɗaya ta ja baiti mu amsa. Baiti yana da inda ake tsayawa a ja numfashi, kuma muddin kunne na jiran amsa-amo, zuciya ba ta samun sararin saƙe-saƙe. A nan na fara iya kuka, daga baya barci ya zo.

Nana ta rasu tun 1864, amma ta san halinmu. Ta san mai daka da surfe ba ta da lokacin zama gaban littafi, sai ta zuba karatun cikin waƙa, ta naɗa jajjoji, wato mata masu koyarwa, da malfa suna bi ƙauye-ƙauye. Ko sunan ɗalibanta ki duba: 'Yan Taru. Don haka kada ki ƙule a ɗaki kina karantawa a zuci. Ɗaga murya, ki kira maƙwabciyarki ko da saurare kawai za ta yi.

In nauyin ƙirjin bai sauka ba ki je ki ga likita, ba abin kunya ba ne. In kuma ajamin ya kuɓuce miki, kira ni, ni ma ba wani barcin kirki nake ba, in ja ki amsa.

Akwai kilishi a ƙasan jakar. Ki raba shi da takardun, yana da mai.

Innarki