Wasiƙa kan ƙwarin da ke shiga dusar tsutsa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, na ji daga bakin ƙaninka cewa kai ma ka fara kiwon tsutsar dusa domin kajinka. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ba na so abin da ya same ni a daminar bana ya same ka.

A tsakiyar Agusta na lura da wata ƙura mai ruwan toka a gefen robobin da nake kiwon tsutsotsin a ciki, da na kai ido kusa sai na ga ƙurar tana motsi. Ashe ƙananan ƙwari ne masu bin hatsi da gari, waɗanda ke zuwa cikin dusar alkama tun daga kasuwa, kuma suna yaɗuwa da zarar laimar iska ta haura kashi 65 cikin ɗari. Cikin ɗan lokaci dusar ta canza wari, tsutsotsin kuma suka daina girma. A wata robar kuwa saƙa na tarar kamar ta gizo-gizo ta dunƙule dusar, aikin ’ya’yan wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi da ke tashi da daddare.

Na tankaɗe tsutsotsin da rariya, na ƙona tsohuwar dusar, na wanke robobin da ruwan zafi da sabulu na shanya su, sannan na shafa basilin a bakinsu. Amma maganin gaskiya yana kan dusar tun kafin ta shiga roba. Idan kuna samun wuta sosai, ka ɗaure ta a leda ka bar ta mako guda a firiza. Idan babu, ka baza ta siririya a kan baƙar leda da tsakar rana, ka rufe da leda mai garai-garai, yadda ake yi wa wake, domin zafin da ya kai digiri 60 na awa ɗaya yana kashe ƙwaron har da ƙwansa. Ragowar ka adana ta a buhun PICS, wato buhun adana hatsi mai ninki uku.

Karas ko dankalin da kake sa wa tsutsotsin domin ruwa kada ya kwana biyu a ciki, daga nan laima da fumfuna ke farawa. Kiyashi kuwa, ka tsoma ƙafafun teburin da robobin suke kai cikin gwangwanayen ruwa.

Na san ka da saurin ɗauko fiya-fiya, to don girman Allah kada ta kusanci ɗakin nan. Tsutsar ita ma ƙwaro ce, za ta mutu tare da su, wadda ta tsira kuma cikin kajinka za ta shiga, daga nan sai ƙwan da yara ke ci.

Ka rubuto mini ko dusar alkama kake samu a wajenku ko ta masara. A gaishe mini da Hajiya da yaran.

Wassalam,
Amininka.