A Rubuta Tarihin Iyayenmu Mata Tun Suna Raye

Ranka ya daɗe Edita,

Sau da yawa tarihin da ake karantawa a sujadar jana'izar tsohuwa Kirista ba ya wuce "ta yi haƙuri, ta riƙe iyali," sai a jingina da Karin Magana sura 31, wato surar Littafi Mai Tsarki da ke yabon mace tagari. Dalili kuwa, a daren jana'iza ake haɗa shi, cikin kuka da gaggawa.

A fara tun tana da rai. Jika ɗaya ya zauna da ita da waya yana naɗar muryarta, rabin awa a kowane zama, don tsofaffi na saurin gajiya. A tambaye ta sunayen iyayenta, inda ta yi baftisma, waƙar da ta fi so, da marayun da ta goya, waɗanda galibi su ake mantawa. Shekarun haihuwa da aure a gwada su da katin baftisma da takardar aure, domin a nan 'ya'ya ke saɓani. A duba Littafi Mai Tsarkinta ma. Ayoyin da ta ja wa layi sun fi yabonmu bayyana ta.

Sunayen jikoki kuma, mutum biyu su tantance kafin a buga. Tsallake suna ɗaya kan jawo gaba ta shekaru.

Naka,
Wani mai karatu